Darasi: Yadda Direba Zai Gane Ciwon Babbar Mota Idan Ya Taka Totur

A ƙananan hukumomin Safana da Batsari, babbar mota ita ce ƙafar manomi. Ita ke kwasar gero da dawa da rogo da dankali daga ƙauyuka. Ita ke kai su kasuwar Batsari ranar Alhamis, ko Dutsin-ma, ko Katsina. Idan mota ta mutu a hanya, dankali zai lalace cikin rana, mai kaya ya yi asara. Kuma hanyoyin da ke kusa da dajin Rugu ba wurin kwana ba ne, saboda ɓarnar 'yan bindiga. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin sufuri ya ƙaru. Don haka kowace lita tana da daraja.

Mota ba ta mutuwa haka kawai. Tana fara nuna alama, musamman lokacin da direba ya taka totur. Wannan darasi zai bayyana alamomin.

Abubuwan da inji yake buƙata

Injin gas yana buƙatar abu uku: iska mai tsabta, da mai mai tsabta, da matsi mai ƙarfi a cikin silinda. Injin fetur yana da ƙarin abu ɗaya, wato wuta daga fulogi. Idan ɗaya ya ragu, ƙarfin mota zai ragu. Daga inji ƙarfin yana bi ta kuloci, ya shiga giya, ya bi farfela, ya isa aksul na baya. Ciwo yana iya kasancewa a ko'ina cikin wannan hanya.

Idan mota ta rasa ƙarfi

1. Inji yana ƙara ruri, amma mota ba ta ƙara gudu. Wani lokaci a ji warin ƙuna. Wannan kuloci ne yake zamewa. Gwajinsa ba wuya. A tsayar da mota a fili, a ja birkin hannu, a sa babbar giya, a saki kuloci a hankali. Idan inji ya mutu, kuloci lafiya lau yake. Idan bai mutu ba, faifan kuloci ya cinye.

2. Mota tana tafiya daidai a shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma tana shaƙewa a hawa. Mai ne ba ya isa inji. A duba filtar mai. Man da ake saye a jarka bakin hanya yakan zo da ruwa ko yashi. Ruwa ya fi mai nauyi, yana kwanciya a ƙasa. A tsiyaye shi, a canza filta, sannan a fitar da iskar da ta shiga bututu.

3. Mota ta yi nauyi kamar ana jan ta ta baya. A tsaya, a kai hannu kusa da kowace ƙafa. Wadda ta fi sauran zafi, birkinta yana kamawa. A duba iskar taya kuma.

4. Lodi ya wuce kima. Wannan ba ciwon mota ba ne, laifin mai lodi ne. Yana cinye kuloci, yana karya sifirin.

Abin da hayaƙi yake nunawa

Baƙin hayaƙi: mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Lokacin hunturu ƙura tana toshe filtar iska da sauri, balle a hanyar burji. Filtar takarda ba a wanke ta da ruwa ko fetur. A kakkaɓe ta a hankali. Idan ta yage, a sa sabuwa. Idan hayaƙin bai daina ba, a kai nozul wurin mai gwaji.

Shuɗin hayaƙi: inji yana ƙona baƙin mai. Sau da yawa ringi ne ya cinye.

Farin hayaƙi: ɗan kaɗan da sanyin safiya ba laifi. Idan ya ci gaba bayan inji ya yi zafi, kuma ruwan lagireto yana raguwa, ana zargin gasket ya ƙone.

Abin da ƙara take nunawa

1. Ƙara mai tsini kamar kukan tsuntsu daga gaban inji: fambel ya saki ko ya tsufa. A kashe inji, a danna shi da babban yatsa. Kada ya lotsa fiye da faɗin yatsa ɗaya. Idan ya tsinke, inji zai yi zafi, batir ya daina caji.

2. Bugu mai nauyi daga ƙasan inji, kamar ana daka a turmi, yana ƙaruwa da totur: wannan ita ce ƙara mafi haɗari. A kashe inji nan take, a duba baƙin mai. Metal ne yake cinyewa. Wanda ya ce bari ya lallaɓa zuwa gari, zai iya rasa injin baki ɗaya.

3. Ƙara ɗaya "ƙwas" daga ƙarƙashi duk lokacin da aka taka totur ko aka saki, tare da girgiza: kuros na farfela ya cinye. A girgiza farfela da hannu. Idan tana wasa, a canza kuros. Farfela da ta faɗi cikin gudu tana iya kifar da mota.

4. Gunji daga baya, yana canzawa idan an taka ko an saki totur: a duba man aksul.

5. Huci ko fito mai ƙarfi tare da baƙin hayaƙi, a motar da ke da tobo: tiyon iska ya fashe, ko maɗaurinsa ya kwance.

6. "Fat-fat-fat" kusa da inji: salansa tana yoyo. Hayaƙin yana da guba marar wari. Idan ya shiga gidan direba, yana sa ciwon kai da barci, har ya kashe mutum.

Gwaji mai sauƙi

A sa mota a firi, a taka totur. Idan an ji ƙarar, ciwon yana wajen inji. Idan ba a ji ta sai mota tana tafiya, a nemi ciwon a giya, ko farfela, ko aksul, ko ƙafafu. Direba ya lura da giyar da yake ciki, da lodi ko babu lodi, da sanyi ko zafin inji. Ya rubuta a ƙaramin littafi. Bakanike zai gane ciwon da wuri, ba zai kwance abin da yake lafiya ba. Wannan yana cikin amfanin iya karatu da rubutu.

Gargaɗi

Kada a buɗe lagireto yana da zafi. Kada a taɓa bututun nozul da ke yoyo inji yana aiki, domin man yana iya huda fata. Kada yaron mota ya shiga ƙarƙashi sai an kashe inji, an sa weji. Kowace safiya a duba ruwa, da baƙin mai, da fambel, da taya. Rigakafi ya fi magani. Motar da ta fara baƙuwar ƙara, gara ta kwana a gareji da ta kwana a daji.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku injin gas yake buƙata?
2. Yaya ake gwada kuloci?
3. Me baƙin hayaƙi yake nunawa?
4. Wace ƙara ce idan an ji ta za a kashe inji nan take?
5. A rubuta abubuwa huɗu da ake dubawa kowace safiya.