Gas ɗin da Ke Cikin Firiza: Nasiha ga Masu Sayar da Askirim da Abokan Sana'ata

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanar da ɗan Adam dabarar samar da sanyi a tsakiyar zafi. Bayan haka, ni mai gyaran firji da firiza ne, rumfata kuwa ba ta da nisa da rijiyar Kusugu a nan birnin Daura. Kuma duk wanda ya zauna a garin nan lokacin bazara, daga watan Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi kan haura digiri 40, ko lokacin Sallar Gani da baƙi ke cika gari suna ziyartar rijiyar da tarihi ya ce Bayajidda ya kashe macijiya a cikinta, zai shaida cewa cinikin askirim da yogot da ƙanƙarar zobo ya zama hanyar abincin gidaje masu yawa, tun daga mai kanti a bakin titi har zuwa matar aure da ke ɗaurawa a leda tana ba yara su kai talla. Dukan wannan arziki kuwa a kan gas kaɗan yake tsaye, wanda yawancin masu firiza ba su taɓa tambayar sunansa ba, alhali a kansa ribarsu ta dogara, da lafiyar shagonsu, da wani rabo na lafiyar ƙasar da muke nomawa.

Asalin aikin ba shi da wuyar fahimta ga wanda ya san randa, domin kamar yadda ruwan da ke tsatsafowa ta jikinta yake kwashe zafi idan ya bi iska, har na ciki ya yi sanyi, haka gas ɗin firiza yake kwashe zafin kayan da ke ciki sa'ad da ya tashi daga ruwa ya zama tururi a cikin bututu. Sai kwamfuresa ta matsa shi, ya zubar da zafin ta ragar baya, ya koma ruwa, ya sake zagayowa ba tare da ya ƙare ba. Saboda haka, idan ka ji an ce gas ya ƙare, to haƙiƙanin magana shi ne bututu ya yi yoyo, gas ya fice ya shiga sama, kuma wanda ya ɗura maka sabo bai toshe kafar ba ya karɓi kuɗinka ne a kan aikin da za ka dawo ka sake biya.

Inda gas ɗin yake tafiya shi ne abin da ya tayar da hankalin masana. Wanda duniya ta dogara da shi tun wajejen 1930, wato R12, shi ne masana biyu, Molina da Rowland, suka yi gargaɗi a 1974 cewa irinsa yana cinye lemar ozon wadda Allah ya sanya kariya tsakaninmu da mugun hasken rana. Da aka tabbatar da ɓarakar a 1985, sai ƙasashe suka ƙulla Yarjejeniyar Montreal a 1987, Nijeriya ta shiga a 1988, aka kuma tsayar da 2010 a matsayin shekarar da ƙasashe masu tasowa za su rabu da shi. Waɗanda suka gaje shi, wato R134a da R404A, ba su taɓa ozon, amma sai aka tarar suna da wata illa, ta riƙe zafi a sararin sama: kilo ɗaya na R134a daidai yake da kilo 1,430 na iskar kabon wajen ɗumama duniya, na R404A kuwa, wanda ya fi yawa a manyan firizojin kasuwanci, ya kai 3,922. Ashe ke nan firiza mai giram 300 na R404A, ranar da ta yi yoyo, ko ranar da mai gyara ya yanke bututu ya saki gas ɗin ya bi iska kamar yadda aka saba, ta zubar da abin da ya haura tan guda na kabon. Mu da muke dab da iyakar Nijar ta Kongolam, muna ganin yadda damina take rikicewa da yadda hamada take matsowa, ba mu ne ya kamata a yi wa doguwar hujja a kan hatsarin ƙarin zafi ba.

Wannan ne ya sa aka yi wa yarjejeniyar gyara a Kigali ta Ruwanda a 2016, gyaran da Nijeriya ta amince da shi a 2018, wanda ya wajabta wa ƙasashe irin tamu su tsayar da ƙaruwar waɗannan gas daga 2024, su rage kashi 10 cikin ɗari a 2029, har raguwar ta kai kashi 80 a 2045. Kuma ɗan kasuwa ya san hukuncin kayan da ake rage shigowarsa, wato tsada da yawaitar jabu.

Mafita kuwa ba baƙuwa ba ce, domin gas ne da ke cikin halittar Allah tun fil'azal: furofen, wanda lambarsa R290, da aisobuten, wanda lambarsa R600a, waɗanda ba su taɓa ozon, kuma ƙarfinsu na ɗumama duniya bai wuce 3 ba. A Jamus aka fara sayar da firjin gida mai irin wannan gas a 1993, da haɗin gwiwar ƙungiyar Greenpeace da kamfanin Foron. Kamfanin Unilever kuwa, wanda ya shahara a cinikin askirim a duniya, ya gwada firizojin furofen a wasannin Olamfik na Sydney a 2000, ya fara baza su a kasuwa a 2004, har suka kai miliyoyi. Dalilin da ya sa furofen ya dace da askirim shi ne yana tafasa a digiri 42 ƙasa da sifili, alhali askirim yana bukatar digiri 18 ƙasa da sifili ko abin da ya fi haka sanyi, ga murfin gilashi ana buɗewa ana rufewa daga hantsi har isha. Aisobuten kuwa, da yake tafasa a wajen digiri 12 ƙasa da sifili, ya fi dacewa da firjin gida da ƙananan firizoji. Abin da na gani da idona a wajen aiki shi ne firiza mai furofen tana saurin kama sanyi idan wuta ta dawo, kwamfuresarta ba ta yin zafi kamar ta R404A a ranakun bazara, nauyin gas ɗin da take ɗauka bai kai rabin na waccan ba, kuma ta fi ƙarancin cin wutar lantarki, abin da mai biyan kuɗin man janareta ko mai ƙirga batiran sola ba zai raina ba.

Sai dai amana ta wajabta mini in faɗi ɗaya gefen, domin malamanmu sun koyar da mu cewa kau da cuta yana gaba da neman amfani. Furofen yana kama wuta idan yawansa a cikin iskar ɗaki ya kai tsakanin kashi 2 da kashi 9 da rabi cikin ɗari, ya fi iska nauyi don haka ƙasa yake kwanciya, kuma na firiza ba shi da warin da ake sa wa gas ɗin girki don a gane yoyo. Firizar da aka ƙera dominsa an killace duk inda tartsatsi zai iya tashi a jikinta, an kuma taƙaita gas ɗinta, yawanci ƙasa da giram 150, wanda shi ne iyakar da ƙa'idar duniya ta daɗe a kai kafin a ɗaga ta zuwa giram 500 a 2019 bisa sharuɗɗa. Irin wannan firiza ba abar tsoro ba ce. Abin tsoro shi ne ganganci. An sha kawo mini firiza tsohuwa ta R134a wadda wani ya ɗura wa gas ɗin girki don neman araha, ba tare da ya sanar da mai ita ba, alhali gas ɗin girki gauraye ne, yana ɗauke da danshi wanda ke daskarewa ya toshe siririn bututu ya kashe kwamfuresa, kuma mai gyaran da zai zo daga baya ya kunna wutar walda bai san abin da ke ciki ba, ransa aka saka a hatsari. Wannan ha'inci ne, kuma duk abin da ya biyo baya alhakinsa yana wuyan wanda ya aikata.

Don haka, ya ku abokan sana'ata, manya da yaran shago, kada a ɗura furofen sai a firizar da aka ƙera dominsa. A ɗura shi da sikeli gwargwadon giram ɗin da aka rubuta a jikinta, ba da kintace ko taɓa bututu ba. A yi aikin a fili mai iska, nesa da janareta da murhun mai shayi da sigari. A wanke bututu da naitirojin kafin walda, a zuƙe danshi da famfo kafin ɗuri, a ajiye tukunyar kashe gobara kusa, a kuma rubuta sunan gas ɗin da aka sa a jikin firiza. Tsohon gas kuma a tara shi a tukunya maimakon a sake shi. Ofishin Ozon na Ƙasa da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, tare da ƙungiyarmu ta NARAP, sukan shirya horo a kan wannan aiki, kuma neman iliminsa ya zama wajibi ga duk mai cin abinci da wannan sana'a.

Kai kuma mai shago, Alhaji, da ke Hajiya mai ƙanƙara, kafin ku biya kuɗin firiza, sabuwa ce ko ta hannu, ku juya bayanta ku karanta takardar da ke manne: idan kun ga R290 ko R600a tare da alamar wuta a cikin alwatika mai ruwan ɗorawa, ita za ku zaɓa, ku ajiye ta a inuwa, ku bar tazara tsakaninta da bango, ku riƙa kaɗe ƙurar ragarta, kada ku fasa ƙanƙara da wuƙa don kada ku huda bututu, kuma ku tambayi mai gyara wane gas zai sa tun kafin ya kwance kayan aiki. Ina kuma roƙon shugabannin 'yan kasuwa, da masu unguwanni, da mahukuntan Masarautar Daura, su taimaka a kawo wannan horo cikin garinmu, domin yaran da ke koyon sana'a a rumfunanmu su tashi da shi. Allah ya sa albarka a cikin nemanmu, ya kare mu daga gobara da asara, amin.