Jinin da Muke Ɗiba a Wuyan Saniyarka

Ranar da muka je wata ruga a Ladduga, cikin ƙaramar hukumar Kachia, wani dattijo ya riƙe mini hannu kafin in soka allura. Ya ce, "Likita, saniyata tana cin ciyawa, tana ba da nono. Me za ka yi da jininta?" Tambayarsa tana kan hanya, kuma ina jin irinta daga Kafanchan har Zonkwa, shi ya sa na ga ya dace in amsa a fili.

Tarin fuka na shanu muke nema. Cuta ce mai ɓoyo: saniya na iya shekara da ita tana sheƙi, sai ranar yanka mahauci ya tarar da ƙulle-ƙulle kamar cuku a huhunta. Kafin nan yara sun daɗe suna shan ɗanyen nononta, kuma ta nan cutar ke shiga mutum.

Tsohon gwaji shi ne a yi allura cikin fatar wuya, a dawo bayan awa 72 a duba kumburi. Duk wanda ya yi aiki da makiyaya ya san matsalar: ka dawo rana ta uku ka iske garke ya yi nisa neman ruwa. Gwajin jini kuwa zuwa ɗaya ne. Masana a Ostireliya ne suka ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1980, ƙasar da ta raba shanunta da cutar a 1997.

Ga yadda abin yake. Ƙwayoyin garkuwar jikin saniya suna da wani furotin da suke aika wa juna saƙo da shi, ana kiran sa intaferon-gama. Mukan zuba jinin a kwalba mai koren murfi don kada ya daskare, mu haɗa shi da wani ruwa da aka tato daga ƙwayar tarin fuka, ya kwana a ɗumi irin na jiki. In saniyar ta taɓa haɗuwa da cutar, ƙwayoyin nan za su gane ta, su yi ta fitar da furotin ɗin. Yawansa muke aunawa.

To, da wane mudu? Nan ne furotin na ɗakin gwaji ke shigowa. Ana ɗauko ƙwayar halittar da ke sa saniya yin intaferon-gama, a dasa ta cikin bakteriya, bakteriyar ta yi ta haihuwa tana yin sa, sannan a tace. Yana iso mana a 'yar kwalbar da ba ta kai ƙaramin yatsa ba, ɗan farin gari a gindinta, sai ka ɗaga ta wajen haske kafin ka gan shi. Tunda an san adadinsa daidai, da shi muke gwada abin da jinin saniyarka ya fitar. In babu shi, ƙiyasi kawai za mu yi, kuma ba a yanke wa dukiyar mutum hukunci da ƙiyasi.

Wahalarsa sanyi. Sau ɗaya wuta ta ɗauke mana kwana biyu, firiza ta narke, kwalbar da muka jira wata uku ta lalace. Har yau abin yana ci mini rai. Jinin kuma akasin haka ne, ba ya son ƙanƙara, kuma dole ya isa ɗakin gwaji ƙwayoyinsa na da rai. Saurin da kuke gani muna yi, har mu ƙi tsayawa shan fura, dalilinsa ke nan.

Abu ɗaya nake roƙo a riƙe: wannan furotin ba magani ba ne, ba kuma rigakafi ba ne irin na ciwon huhu da ake yi a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom. Na bincike ne kawai, haka aka rubuta a jikin kwalbar. Duk wanda ya kawo maka shi kasuwar kara ya ce na ƙara wa sa ƙarfi ne, kada ka saya.

Na ce wa dattijon, "Baba, abin da zan ɗiba bai wuce cokalin shayi biyu ba, kuma ni da kaina zan kawo maka sakamako. Kafin nan, a riƙa tafasa wa jikokinka nono." Ya yi shiru, sannan ya kira ɗansa ya riƙe ƙahon.