Ɗana ya fi ƙarfin malaminsa a darar ces, mahaifinsa ya ce caca ce

Ɗana na biyu shekararsa 9, yana aji huɗu a firamare. Bara wani malaminsu ya fara koya musu darar ces bayan an tashi. Yanzu malamin da bakinsa ya ce yaron ya fi ƙarfinsa, har ya zo na ɗaya a gasar makarantun unguwarmu, ya doke 'yan sakandare. Da na ji labarin yaron nan ɗan Najeriya da ces ta fitar da iyayensa daga wahala a Amurka, sai raina ya kwaɗaitu. Amma Baban yara ya ce caca ce, kuma za ta raba shi da karatu. Ya ɗauke allon ya kulle. Tun ranar yaron ba ya walwala. Ya zan yi?

Wata uwa, Badarawa, Kaduna

'Yar'uwa, Allah ya raya miki shi, ya tsare shi daga baki da ido.

Yaron da kika ji labarinsa Tanitoluwa Adewumi ne, wanda ake kira Tani. Iyayensa sun bar Najeriya a 2017 saboda barazanar Boko Haram, suka sauka a gidan marasa matsuguni a birnin New York. A makarantar gwamnati ya koyi ces, kuma a watan Maris na 2019, yana ɗan shekara 8, ya lashe gasar jihar New York ta ƙananan 'yan firamare, alhali kimanin shekara guda ke nan da fara wasan. Da jarida ta ɗauki labarin, jama'a suka tara musu sama da dala 200,000. A 2021, yana ɗan shekara 10, ya samu matsayin gwani na ƙasa.

Akwai ɓangaren labarin da ba a cika faɗa ba, shi nake so ki riƙe. Mahaifiyarsa ce ta rubuta wa mai kula da kulob ɗin ces na makarantar cewa ba su da kuɗin shiga, aka yafe musu. Ita ce ta riƙa kai shi horo na kyauta duk Asabar. Mahaifinsa, wanda a lokacin yake tuƙin Uber da wankin kwanuka a gidan abinci, shi ya riƙa ba shi kwamfutarsa ya yi atisaye da yamma. Uwa da uba bakinsu ɗaya. Kuɗin nan kuwa tausayin jama'a ne ya kawo su, gasar ba ta biya su ba. Don Allah kada ki ɗora wa ɗan shekara 9 nauyin fitar da gida daga talauci. Yaron da ya fahimci ana jiran kuɗi daga hannunsa, tsoron faɗuwa zai cinye masa daɗin wasan.

Maigidanki kuma kada ki ɗauke shi maƙiyin baiwar ɗansa. Tsoronsa yana da tushe. Malamai sun daɗe da saɓani a kan wannan wasa: malaman Malikiyya, mazhabar da muka tashi a kanta, sun tsananta, har littafin Risala ya hana shi, yayin da Shafi'iyya suka tafi a kan karhanci muddin babu caca kuma bai shagaltar daga sallah ba. Inda kowa ya haɗu shi ne, in aka sa kuɗi ko aka tozarta sallah, haramun ne. Ni ba mai ba da fatawa ba ce, shi ya sa nake roƙonki ku kai maganar gaban malamin da shi maigidan ya yarda da shi, a bayyana masa yadda wasan yake: gidaje 64, babu ƙuri'a, babu sa'a, tunani ne zalla. Abin da malam ya faɗa, ku tsaya a kai. Kada ki saya wa yaron wani allo a ɓoye. Ranar da asiri ya tonu, kin koya masa cewa ana iya zagaye uba, kuma gyaran wannan ya fi wuya.

Batun karatu ya fi sauƙi. Bassem Amin na Masar, wanda ya daɗe yana kan gaba a 'yan ces na Afirka, likita ne. Ki nemi maigidan ya gindaya sharuɗɗansa da kansa: sai an dawo Islamiyya, sai an gama aikin gida, awa ɗaya a rana, kuma in sakamakon jarabawa ya ja baya a rufe allon. Uban da ya kafa doka da bakinsa ya fi tsayawa a kanta.

In an amince, sai a auna yaron da gaske, domin ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Doke malamin makaranta da 'yan unguwa alama ce mai kyau, amma ainihin gwaji yana gasar da ake danna agogo, ana rubuta kowane taku. Ki roƙi malaminsa ya bincika a ma'aikatar wasanni ta jiha ko filin wasa na Ahmadu Bello inda 'yan ces na Kaduna ke haɗuwa, da lokacin gasannin yara na Hukumar Ces ta Najeriya. Can zai gamu da waɗanda za su ci shi, kuma yana buƙatar hakan. Ki lura da shi ranar da aka doke shi: in ya share hawaye ya koma duba inda ya yi kuskure, to akwai tafiya a gaba. Manhajar Lichess kyauta ce, tana da tsarin yara da ke rufe hira da baƙi. A kunna shi, wayar kuma ta zauna a hannunki.

Yau dai ki zaunar da yaron ki gaya masa babansa bai tsane shi ba, bincike yake yi. Maigida kuma ki same shi bayan ya ci abinci ya huta, ba a gaban yara ba, ki fara da roƙon ya je ya ga malamin da ya koya wa ɗansa.