Yadda ake miyar kuka da cokali ɗaya na mai

Tun ranar da likita ya ce wa Baba ya rage maiƙo, tuwon dare ya zama abin fargaba a gidanmu. Mutum ne da ba ya ganin an yi miya sai ya ga man shanu yana yawo a kanta. Na yi wata guda ina gwaji kafin na gane cewa daɗin miyar kuka a daddawa yake, da kifi, da haƙurin mai girki. Ga yadda nake yinta yanzu.

Aikin yana farawa tun da hantsi. Ki samo tsokar naman sa, ki yanke farin kitsen da wuƙa, ko kaza ki saɓule fatar. Ki tafasa da albasa da tafarnuwa, ki sauke, ki bar romon ya huce sarai, a firji in akwai wuta. Kitsen zai taso ya daskare a sama, sai ki kwashe shi da cokali. Ranar da na fara ganin yawan abin da na kwashe, jikina ya yi sanyi, domin shekara da shekaru shi muke zuba wa tsohon nan a kwano.

Bayan la'asar ki jiƙa kifin banda a ruwan zafi, ki wanke yashi, ki cire ƙaya. Ki daka daddawa da citta da masoro da kanumfari da ɗan barkono har su yi laushi. A nan kada ki yi rowa. Daddawar kalwa ce za ta cike gurbin da mai ya bari, kuma in ta wadatu, ba kya buƙatar dunƙule da yawa, wanda gishiri ne ya cika shi.

Ki mayar da romon kan wuta, ki zuba dakakken kayan nan da jajjagen attarugu da kifin. Sannan man gyaɗa, babban cokali ɗaya ga tukunyar mutum shida. Ki auna, kada ki tsiyaya daga bakin kwalba, don hannu ba ya da ma'auni. Cokalin nan kaɗai yana ɗauke da kusan kalori 120, saboda kowane giram na mai kalori 9 ne, alhali na sitacin hatsi 4 ne. Na zaɓi man gyaɗa ne maimakon manja domin kusan rabin manja kitse ne irin mai daskarewa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana.

Ki bar tukunyar ta yi ta tafasa kamar rabin awa, har warin ɗanyar daddawa ya koma ƙamshi. Masu gaggawa a nan suke ɓata miya, sai su ɗora laifin kan rashin mai.

Sai ki rage wuta, ki riƙa barbaɗa garin kuka da hannu ɗaya, ɗayan yana kaɗawa da maburgi don kada ta yi gudaji. Kada ki rufe. Minti biyar ya isa.

Tuwon kuwa na dawa nake so da ita: talge, gari, muciya, a bar shi ya turara, a kwashe da mara.

Man shanun ban hana Baba gaba ɗaya ba. Nakan soya shi da albasa, in ɗiga rabin ƙaramin cokali a kan malmalarsa tana zafi, yadda ƙamshin zai riga loma isa gare shi. Daren jiya ya suɗe kwanon, ya ɗago ya ce, "Uwata, akwai saura?"

Na ce, "Akwai, Baba," na miƙe na ɗauko tukunyar.