Karayar Muƙamuƙin Ƙasa da Tasirinta ga Furuci

Gabatarwa

Muƙamuƙin ƙasa shi ne ƙashin da ke ɗauke da haƙoran ƙasa da leɓen ƙasa, kuma harshe na jingine da shi. Shi kaɗai ne ƙashin fuska mai motsi. Saboda haka duk abin da ya same shi yakan shafi tauna da furuci. Wannan darasi zai bayyana yadda likitoci ke ɗora shi, da abin da malamin Hausa zai lura da shi.

Yadda Karayar Ke Faruwa

Haɗarin mota ko babur, da faɗa, da faɗuwa su ne manyan musabbabai. Da yake ƙashin a lanƙwashe yake kamar baka, sau da yawa yakan karye a wuri biyu: misali a haɓa da kuma kusa da kunne. Alamominta sun haɗa da kumburi, da dalalar yawu, da mutuwar leɓen ƙasa, da rashin haɗuwar haƙoran sama da na ƙasa yadda suka saba.

Hanyoyin Ɗori

Da farko likita yakan tabbatar da cewa hanyar numfashi a buɗe take, sannan a ɗauki hoton ƙashi. Manufar aikin ita ce mayar da haɗuwar haƙora daidai, domin ita ce ma'aunin da ke nuna ƙashi ya koma mazauninsa. Hanyoyi biyu ne:

1. Ɗaurin waya: ana ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya, baki ya zauna a rufe kimanin mako 4 zuwa 6. Majinyaci yakan rayu a kan kunu da madara da romo.

2. Tiyata: ana tsagawa, galibi ta cikin baki, a haɗa ƙashin da ƙananan faifan ƙarfen titaniyam da kusoshi. Likitan Faransa Maxime Champy ya inganta wannan hanya a shekarun 1970. Fa'idarta ita ce majinyaci yakan buɗe baki da wuri.

Tasiri ga Furuci

Wasalin /a/ wasalin ƙasa ne, sai muƙamuƙi ya sauka ake furta shi sosai. Don haka yakan dushe idan baki na ɗaure. Leɓawa irin su /b/, /ɓ/ da /m/ sukan raunana idan jijiyar leɓe ta taɓu. Zuzau kamar /s/ da /z/ kuwa sukan gurɓata idan haƙoran gaba suka warke a karkace.

Kammalawa

Idan ɗalibi ya bugu a haɓa har haƙoransa suka daina haɗuwa, wajibi ne malami ya gaggauta kai shi asibiti, domin jinkiri kan sa ƙashi ya haɗe a karkace. Bayan ya dawo aji, a sassauta masa karatun bayyane har ya warke.

Auna Fahimta

1. Me ya sa haɗuwar haƙora ta zama ma'aunin nasarar ɗori?
2. Furta "baba" da "kifi" da haƙora a haɗe. Wace kalma ce ta fi sauyawa? Kawo dalili.