DARASI: KUƊIN CEFANE DA TSADAR ABINCI A GIDAJENMU NA ZANGO

Ya ku 'yan'uwa matasa maza da mata, darasinmu na wannan fitowa ya shafi tukunyar gidanmu ne. Kowane ɗayanmu ya san muhawarar da ake yi da safe a tsakar gida: maigida ya ajiye kuɗin cefane kamar yadda ya saba, uwargida ta ce ba za su isa ba, shi kuma ya ce ai jiya ma haka ya bayar. Sau da yawa duk su biyun gaskiya suke faɗi. Kuɗin ba su ragu ba, amma abin da suke iya saye ya ragu. Saboda haka muka ga ya kamata mu zauna mu fahimci asalin wannan al'amari, sa'an nan mu duba abin da ke hannunmu mu matasa.

NA ƊAYA: MENE NE HAUHAWAR FARASHI?

Hauhawar farashi ita ce yadda kuɗin kaya suke ƙaruwa gaba ɗaya daga wannan shekara zuwa waccan. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar Gana tana auna ta kowane wata. A watan Disamba na 2022 ta kai kashi 54 cikin 100, a watan Janairu na 2023 kuwa ta kayan abinci kaɗai ta kai kashi 61 cikin 100. Ma'anar wannan ita ce, cefanen da aka yi da sidi 100 a Janairun 2022, sai da sidi 161 aka yi irinsa a Janairun 2023.

A nan akwai wurin da mutane da yawa suke ruɗewa. A shekarar 2025 hauhawar ta sauko ƙasa da kashi 10 cikin 100, sai wasu suka yi ta tambaya, to me ya sa kaya ba su koma kuɗinsu na da ba? Amsa ita ce, saukar hauhawa tana nufin gudun ya ragu ne kawai. Idan abin sidi 161 ya ƙaru da kashi 10, ya zama sidi 177 ke nan. Mota ta rage gudu, amma gaba take yi. Wanda ya gane wannan ba zai zauna yana jiran farashin 2021 ya dawo ba.

Wani masanin ƙididdiga Bajamushe, Ernst Engel, ya lura tun a 1857 cewa gwargwadon talaucin gida, gwargwadon yawan kason da abinci yake ci daga samunsa. A ma'aunin da ake auna farashi da shi a Gana, abinci ya haura kashi 40 cikin 100 na abin da gida yake kashewa, a gidan mai ƙaramin ƙarfi kuwa ya fi haka. Shi ya sa tsadar da mai hali yake ji kamar cizon sauro, mazaunin Nima ko Aboabo ko Sabon Zango yake jin ta kamar harbin kunama.

NA BIYU: DAGA INA TSADAR TA FITO?

Dalili na farko shi ne darajar sidi. Alkamar burodi, da sukari, da daskararrun kaji, da shinkafa mai yawa da muke ci, daga waje ake shigo da su, kuma da dala ake sayensu. A farkon 2022 dala ɗaya tana wajen sidi 6, amma a watan Nuwamba na shekarar ta haura sidi 13. A Disamba gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, sa'an nan a Mayun 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince da rancen dala biliyan 3.

Dalili na biyu, abubuwan da suke faruwa a nesa. Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a Fabrairun 2022 ya tayar da kuɗin alkama da man girki da takin zamani. A Yulin 2023 Indiya ta hana fitar da wani nau'in farar shinkafa, farashinta ya tashi a kasuwannin duniya.

Dalili na uku, hanya da iyaka. Albasar da muke ci mafi yawanta daga Nijar take zuwa, musamman ta Galmi, tumatir mai yawa kuma daga Burkina Faso. Da aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023 aka rufe iyakoki, motocin albasa suka maƙale a hanya, buhu ya yi tashin gwauron zabo, kuma 'yan'uwanmu masu wannan sana'a su ne suka fara shan asara. Haka nan duk ranar da man fetur ya tashi, kuɗin ɗauko doya da masara daga Techiman zuwa Kumasi da Ankara yakan tashi, mai saye ne kuma yake biya a ƙarshe.

Dalili na huɗu, ruwan sama. A daminar 2024 ruwa ya ɗauke a arewacin ƙasa har amfanin gona ya lalace, abin da ya sa gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken suya a watan Agusta na shekarar.

NA UKU: ABIN DA TARIHI YA KOYA MANA

Mu tambayi kakanninmu labarin 1983. A wannan shekara fari da gobarar daji suka cinye gonaki, aka kuma koro mutanen Gana kimanin miliyan ɗaya daga Nijeriya, hauhawar farashi ta wuce kashi 120 cikin 100. Mutane sun yi layi a kan dokunu ɗanye, sun rame har ƙashin wuyansu ya fito.

Kafin wannan, a 1979, an ɗora laifin tsada a kan matan kasuwa, har sojoji suka rushe kasuwar Makola. An ƙayyade farashi da ƙarfin bindiga, amma sai kaya suka ɓace daga rumfuna suka koma bayan fage da tsadar da ta fi ta da. Darasin da ke nan shi ne, mai sayar da tumatir a bakin titi ita ma sayowa ta yi da tsada, kuma zaginta ba ya ƙara ko ƙwaya ɗaya a kwano. Wanda ya cancanci zargi shi ne mai ɓoye abinci lokacin da jama'a suke cikin buƙata domin ya yi tsada, da mai tauye mudu. Waɗannan biyu addininmu ya hana su hani mai tsanani, kuma duk ɗan'uwanmu da ke kasuwa ya kiyaye.

NA HUƊU: ABIN DA TSADA TAKE CI BAYAN KUƊI

Idan cefane ya gaza, nama da kifi da ƙwai su ne suke fara fita daga tukunya, sai yara su cika ciki da gari da koko alhali jikinsu bai samu abin gina shi ba. Bayan haka sai bashin mai kanti ya taru. Bayan haka sai a cire yarinya daga makaranta a ɗora mata talla, ko yaro ya bar karatu ya shiga tasha. Aure da yawa sun girgiza a kan abin da bai wuce kuɗin kayan miya ba. Ciyar da iyali wajibi ne a kan maigida gwargwadon ƙarfinsa, wannan babu jayayya. Amma mu da muke cin tuwon gidan, muna da ƙarfi da ilmin lissafi, ba daidai ba ne mu wanke hannu mu ci, mu tashi, mu bar iyayenmu da ciwon kai.

NA BIYAR: MATAKAN DA ZA MU IYA ƊAUKA

1. Mu buɗe littafin cefane. Wanda ya iya rubutu a gida ya riƙa rubuta duk abin da aka saya har kwana talatin, ko da gishirin sidi ɗaya ne. A ƙarshen wata za a ga inda kuɗi suke zurarewa, kuma zargi tsakanin baba da mama zai ragu, domin takarda ba ta son kai.

2. Mu gane cewa sayen kaɗan-kaɗan ya fi tsada. Ga misali: idan olonka ɗaya ta shinkafa tana cika gwangwani shida, ana sayar da ita sidi 48, gwangwani ɗaya kuma sidi 10, to mai sayen gwangwani kullum ya biya sidi 60 a kan abin sidi 48. Talaka shi ne yake biyan wannan ƙari, domin ba shi da kuɗin sari.

3. Maganin wannan shi ne haɗa hannu. Gidaje biyar ko goma su haɗa kuɗi kamar yadda iyayenmu mata suke yin adashi, a sayo buhun shinkafa ko masara ko jarkar mai a kasuwar sari, a raba da mudu ɗaya a gaban kowa. Aikin matasa ne zuwa kasuwa da ɗauko kaya da riƙe lissafi. Sharaɗinsa amana, domin rana ɗaya aka ci amana tafiyar ta watse. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

4. Mu san lokaci. Hatsi da wake sun fi araha da kaka, sun fi tsada kafin sabon amfani ya shigo. Ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ta nuna mana tanadi a shekarun yalwa domin shekarun ƙunci. Akwai buhu mai ninki uku wanda iska ba ta shiga, yana kashe ƙwarin wake ba tare da an zuba magani ba. Tanadin abincin iyali daban yake da ɓoye kaya domin cutar jama'a.

5. Mu koma ga abincinmu. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da kauɗar tumatir da wake da gyaɗa ba su san dala ba. Shinkafar da ake nomawa a arewa da yankin Bolta ita ma abinci ce. Wake da ƙosai suna gina jiki a ranar da nama ya gagara.

6. Mu shuka abin da za mu iya. A 1972 gwamnatin Acheampong ta kawo shirin ciyar da kai, har mutanen birni suka yi lambu a bayan gida. Gidajen zango suna da matsi, amma tsohon bokiti ko buhu cike da ƙasa yana fitar da ayoyo da alayyafo da barkono.

7. Mu binciki aljihunmu. Saurayin da yake kashe sidi 10 kullum a kan katin waya da lemon kwalba ya kashe sidi 300 a wata. Rabin wannan idan ya shiga hannun mahaifiyarsa zai canza miyar gidan. Cacar ƙwallo kuwa haramun ce, kuma ta cinye cefanen gidaje da yawa.

8. Mu rage almubazzaranci a biki da suna da watan azumi. Abincin da ake zubarwa a kwata bayan walima kuɗi ne, sau da yawa ma kuɗin bashi.

NA SHIDA: HAƘƘIN MAƘWABCI

A kowane gidan haya akwai ɗakin da ba a ɗora tukunya ba yau, kuma masu shi ba za su faɗa ba saboda kunya. Zango an kafa shi ne a kan saukar baƙo da ciyar da shi. Mu sa ido a kan zawarawa da marayu da tsofaffin da ba su da mai kula da su, mu kai musu a asirce, ba tare da ɗaukar hoto ko shela ba.

TAMBAYOYI DOMIN HALKA

1. Mene ne bambanci tsakanin saukar hauhawar farashi da saukar farashi?
2. Kawo abinci uku a gidanku da kuɗinsu yake bin dala, da abin da zai iya maye gurbinsu.
3. Mene ne bambanci tsakanin tanadi da ɓoye kaya?
4. Gidaje nawa ne a unguwarku za su iya haɗuwa su yi sari, kuma wa za a ba riƙon lissafi?

Muna roƙon kowane reshe ya tattauna waɗannan tambayoyi a zamansa na mako, kowane ɗan'uwa da 'yar'uwa kuma su fara littafin cefane daga ranar ɗaya ga wata mai kamawa. Allah Ya yalwata arzikin iyayenmu, Ya sa albarka a cikin kaɗan da mai yawa, Ya ba mu damina mai albarka. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.