Darasi: Dalilin da Ya Sa Aka Raba Ikon Mulki Gida Uku

Duk wanda ya je gindin Dutsen Aso a Abuja zai tarar da manyan gidaje uku kusa da juna: Majalisar Tarayya, Fadar Shugaban Ƙasa da Kotun Ƙoli. Ba don ado aka jera su haka ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ne ya raba ikon ƙasa uku. Sashe na 4 ya ba majalisa ikon yin doka, sashe na 5 ya ba shugaban ƙasa ikon zartarwa, sashe na 6 kuwa ya danƙa shari'a ga kotuna.

Iyayenmu da suka ga mulkin soja sun san abin da ake gudu. A wancan zamani majalisar soja ce ke rubuta doka, ita ce ke aiwatar da ita, wani lokaci ma ta sa a ciki cewa kada kotu ta saurari ƙara a kanta. To ina talaka zai kai kukansa?

Yanzu an sa kowane ɓangare ya zama birki ga ɗan'uwansa. Dattawa 109 da wakilai 360 ne ke zartar da ƙuduri, amma sai shugaban ƙasa ya sa hannu cikin kwana 30. Idan ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa na iya mai da shi doka ba da yardarsa ba, kamar yadda aka yi da dokar hukumar raya Neja Delta a 2000.

Babbar jarrabawa ta zo a 2006. Sashe na 137 ya hana wanda aka zaɓa sau biyu sake tsayawa takarar shugabanci, sai aka kawo gyara da zai buɗe wa Shugaba Olusegun Obasanjo ƙofar tazarce, ko da yake shi ya sha musanta cewa ya nema. Gyara irin wannan ba ya wucewa sai da kashi biyu cikin uku na majalisun biyu, da amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36. Jam'iyyar shugaban ce ke da rinjaye, mutane da yawa sun ɗauka an gama. Amma aka nuna muhawarar kai tsaye a talabijin, kowane sanata ya tashi ya yi magana jama'ar mazaɓarsa na kallo. Ran 16 ga Mayu, ƙarƙashin jagorancin Ken Nnamani, Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin gaba ɗaya. Abin takaici, wasu gyare-gyare masu amfani sun mutu tare da shi.

Mazauna Abuja su lura: ba su da gwamna, ba su da majalisar jiha. Majalisar Tarayya ce ke yi musu doka, alhali sanata ɗaya da wakilai biyu kaɗai suke da su a cikinta. A tambayi yara a gida: wa ya san sunayen mutanen nan uku?